Kofur Ɗanasabe da Marai Mai Baƙin Ido

Shekara goma sha ɗaya muka yi a gini ɗaya da Kofur Ɗanasabe a Highbridge, wata unguwa a New York, ni a hawa na huɗu, shi a ɗakin ƙasa, bango ɗaya da injin ɗumama gida. Amma da a lokacin wani ya tare ni ya ce in faɗi abu uku game da mutumin, da na ce yana ɗingishi, na ce shi ke fitar da shara, sannan na tsaya ina sosa ƙeya. Ba wai ba ma gaisawa ba ne. Kullum da safe nakan same shi yana goge matakala, in ce, "Baba Kofur, an tashi lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Dokta, a dawo lafiya." In wuce ina ɗaga ƙafa kada in taka inda ya goge, a raina ina jin na yi masa karamci mai yawa.

Wannan "Dokta" kuwa gara in wanke kaina tun yanzu. Sunana Mukhtari. Ilimin halittu na karanta a jami'a a gida, aikina a nan kuma ɗibar jini ne a wani asibiti: in ɗaure hannu, in nemi jijiya, in manna takarda a jikin kwalba. Wata rana wani ɗan'uwa ya gan ni da farar riga a cikin jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ya ce "Dokta", ni kuma na waiwaya. Shi ke nan suna ya bi ni. Tun daga ranar ake kawo mini takardun asibiti, da ƙurajen yara, har da motar da ke wani irin kuka in an taka birki, kuma ban taɓa mayar da kowa ba amsa ba. Matata Iyatu takan ce, da ana sayar da "ban sani ba" a kanti, ni ko layin kantin ba zan bi ba.

Tsuntsun ya zo ne wata Laraba a farkon Afrilu, kwana goma bayan ƙaramar sallah, sanyi bai gama tattara kayansa ba. A ƙasan gininmu, ta bakin titi, akwai shagon Hajiya Safiatou, mutuniyar Maraɗi, mai sayar da gero da kuka da daddawa da manja. Tana buɗe ƙofa da safe wani abu rawaya ya bi ta saman kallabinta ya faɗa ciki, ya sauka a bakin buhun gero, ya hau ci ba sallama. Ta kife shi da kwandon wanki, ta danne da gwangwanin tumatir. Da yamma ina dawowa daga aiki ta tare ni.

"Lokotoro, zo ka gani. Wanga baƙo ya shigo mini tun da safe. Mi ne ne shi?"

Akwai mutum huɗu ko biyar a shagon, duk suka matsa suka ba ni wuri. Na durƙusa, na gyara tabarau, na leƙa ta ramukan kwandon. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, jikinsa rawaya kamar garin ɗorawa, kansa kuma kamar an tsoma shi a manja, ga baki baƙi mai ɗan kauri. Kallon da na yi masa bai kai na daƙiƙa biyar ba, don amsa ta riga ido isa bakina.

"Kanari ne," na ce. "Na gidan wani ne ya gudo."

Ban tsaya nan ba. Na ƙara musu da tarihin tsibiran da aka fara kamo kanari, da yadda Turawa ke shiga da shi ramin haƙar kwal. Kowa yana gyaɗa kai. Kofur Ɗanasabe yana bakin ƙofa, ya zo kwashe kwalayen da Hajiya ke ajiye masa. Ya daɗe yana kallon kwandon, sannan ya ce, "Hajiya, a matsar da shi daga ƙofa, iska na dukansa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ɗauki kwalayensa ya fita.

Hajiya Safiatou ta yi murna, don mahaifinta ya taɓa kiwon kanari a Maraɗi. Washegari ta sayo keji, ta rataye shi kusa da hita, ta zauna jiran waƙa. Ranar Alhamis shiru. Ranar Juma'a da hantsi baƙo ya buɗe baki, sai ga wani sauti kamar an zuba albasa a tafasasshen mai, ya ƙarasa da ƙarar tsohuwar ƙofa.

Bayan an sauko daga masallaci shagon ya cika, kamar yadda yake cika kowace Juma'a. Ina shiga Hajiya ta ce, "Lokotoro, kanarin babana ba haka shike kuka ba. Ko mura gare shi?"

Mai hankali a nan zai ja kujera ya kalli tsuntsu. Ni waya na zaro. Akwai manhajar da ake nuna wa hoto ta faɗi sunan tsuntsu, na sauke ta a tsaye a wurin, na yi kamar da ma ina da ita. Hoton farko ta ce ba ta gane ba. Na biyu ta ce aku ne, ashe hoton da ke jikin buhun shinkafar da ke bayan kejin ta kama. A na uku ta kawo sunaye huɗu, na zaɓi wanda ya fi daɗin faɗa.

"Na yi ɗan kuskure," na ce, da muryar wanda kuskurensa ma ilimi ne. "Ɗan'uwan kanari ne na ƙasar nan. Goldfinch ake ce masa. Shi ne ma tsuntsun jihar New Jersey, nan tsallaken kogi."

Sai na ci gaba da karantawa, na ci karo da inda aka ce doka ta hana a tsare tsuntsun dajin ƙasar nan a keji. Na karanta musu da ƙarfi, har sau biyu, na fassara. Fuskar Hajiya ta canja.

"Ni ba ni son magana da hukuma," ta ce. "Bon, a buɗe mishi shi tafi. Ya ci hatsina, na yafe."

Na sauke kejin na nufi ƙofa, ina ji kamar zan 'yanta bawa. A bakin ƙofar na tarar da Kofur Ɗanasabe riƙe da tsintsiyarsa mai dogon hannu, kuma bai matsa ba.

"Dokta, in ka sake shi, ba zai ga Lahadi ba."

"Baba Kofur, ai ɗan ƙasa ne. Ya fi ni da kai sanin sanyin garin nan."

"Ba na nan ba ne. Marai ne."

Wasu suka yi dariya, ni na fi kowa. Na ce, "Haba Baba, marai ai kansa baƙi ne, idonsa ja." Wannan ita ce magana ɗaya tilo ta gaskiya da na faɗa a makon, ita ma a hoton littafi na gani, don ni haifaffen Fagge ne, ban taɓa kwana a gona ba.

"Namu na gida ke nan," ya ce. "Wannan na bakin teku ne. Dubi hoton da ke wayarka. Ina baƙar hular da ke goshin wancan? Ina baƙin fiffike mai farin zane?"

Na duba. Babu ko ɗaya a jikin na cikin kejin. Na ce, "Bai gama canja gashi ba ne, yanzu aka fito daga sanyi."

"To zoben ƙafarsa fa?"

Sai a lokacin na ga ashe akwai wani siririn zobe a ƙafarsa ta hagu. Kwana uku ina yanke hukunci a kan tsuntsu ban ga ƙafarsa ba. Na ji duk idanun shagon a kaina, sai na yi abin da na saba yi in an ƙure ni, na koma Turanci.

"Masu bincike ne ke sa musu. Baba, this is science."

Bai yi fushi ba, bai ma kalle ni ba. Ya juya wajen mai shago. "Hajiya, ki ba ni shi amana zuwa Lahadi da azahar. In hukuma ta zo, ki ce yana wurina. In Lahadi ta wuce bai nuna ko shi wane ne ba, Dokta ya sake shi da hannunsa."

Hajiya ba ta jira ya rufe baki ba ta yarda, tunda kejin zai bar mata shago.

Labari ya riga ni isa hawa na huɗu. Iyatu ta ce, "An ce ka yi wa dattijon nan Turanci a gaban mutane. Sa'an babanka ne fa. Gobe ka sauka ka ba shi haƙuri." Ranar Asabar da hantsi na sauka, amma ba haƙuri na tafi da shi ba. Takardu uku na buga a kan goldfinch, na naɗe a aljihu.

Ranar na fara shiga ɗakinsa. Ƙarami ne, da ɗumi kamar gidan burodi. Gado a gyare tsaf irin na bariki, takalma biyu a jere, hotunan yara huɗu a bango, sai wata 'yar taga a can sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. A ƙarƙashin tagar ya kafa katako ya ɗora kejin inda rana ke sauka. Ya jiƙa gero, ya marmasa dafaffen ƙwai a murfin kwalba, ya sa ruwa a faranti, tsuntsun yana ta wanka yana fantsama wa bango. Ya ba ni kujerarsa guda ɗaya, shi ya zauna bakin gado, ya zuba mini shayi. Ban san yadda aka yi ba, maimakon in zaro takardu sai na ji bakina ya ce, "Baba, a ina ka san shi?"

A nan na ji labarin da shekara goma sha ɗaya ban tambaya ba.

Sunansa na yanka Sama'ila, an haife shi ranar Asabar a wani ƙauye a gefen kogi kusa da Ringim. Aikinsa na farko a duniya korar tsuntsu ne. In dawa ta fara nuna, akan ɗora shi a kan wata 'yar rumfa a tsakiyar gona tun asuba, da igiya mai gwangwanaye a hannu ɗaya da majaujawa a ɗayan, ba zai sauko ba sai rana ta faɗi. "Wanda ya yi tsaron gona ba ya cewa tsuntsu tsuntsu ne," in ji shi. "Kowane da lokacinsa, kowane da irin satarsa. In ba ka san su ba, kai za ka sha bulala." Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi wata babbar mota zuwa Kano, ya yi karen mota har ya iya tuƙi, daga nan ya shiga soja a matsayin direba. Tankar ruwa aka ba shi, ita ya ja kusan shekara ashirin. Bai wuce kofur ba, ya ce don ba shi da takarda, kuma bakinsa yana da nauyi wajen cewa "yes sa".

A shekarar 1993 aka tura su Somaliya cikin sojojin kiyaye zaman lafiya. Duk mutanen gininmu, har da ni, mun ɗauka harsashi ne ya ba shi ɗingishi, shi kuma bai taɓa cewa e ko a'a ba, don babu wanda ya tambaya. Ashe hawa ya yi kan tanka zai rufe murfi, santsi ya kwashe shi, cinya ta karye gida biyu. Ya faɗa yana dariya har da share hawaye. "Mutane suna karɓar lambar yabo, ni ruwan wanka ne ya kayar da ni."

Aka ɗauke shi a jirgi zuwa wani asibiti a Mombasa, a bakin teku a Kenya. Mako bakwai ya yi kwance rigingine, an rataye ƙafarsa da ƙarfe mai nauyi. Babu mai jin Hausa, babu mai zuwa dubiya, babu rediyo. Gadonsa yana jikin taga, a bayan tagar kuma akwai bishiyoyin kwakwa da goriba, sheƙuna suna lilo a ƙarƙashin ganyensu.

"Ranar farko na ce, kai, ga barayin dawarmu sun biyo ni har nan. Da na ƙara duba sai na ga ba su ba ne. Saƙar dai irin tasu ce, surutun ma haka, amma babu baƙin kai. Kuma iri biyu ne a wurin. Ɗaya idonsa ja-ja, kansa bai cika rini ba. Ɗayan kansa kamar manja, idonsa baƙi ƙirin kamar ƙwayar masoro. Shi ne mai son ganyen kwakwa. Sheƙarsa a dunƙule take, ƙofa ta ƙasa, ba ya yi mata dogon wuya. Macen kuma rawaya ce kawai, ba ta da jan kan." Ya nuna kejin da haɓa. "Su suka hana ni haukacewa, Dokta. Ina tashi in ƙirga su, in ga wa ya gama gini, wa mace ta ƙi nasa ya warware ya sake sabo."

Sauran labarin a taƙaice ya ba ni, kamar mai karanta rahoto. Ya bar soja ya koma tuƙa wani hafsa. Aka turo hafsan aiki New York, ya taho da shi. Hafsa ya gama ya koma gida, shi ya tsaya, don yara huɗu suna makaranta a Kaduna. Ya yi wankin mota, ya yi wankin kwanuka, kafin ya samu aikin gininmu. A shekarun da ba ya iya fita ƙasar ya dawo, saboda rashin takardun zama, matarsa Hajara ta rasu. A waya aka gaya masa, da soso a hannunsa, ya ce ya ƙarasa wanke motar don mai ita yana tsaye yana jira. Daga baya takardunsa suka fito, yanzu duk bayan shekara biyu yana zuwa gida. Yaran duk sun gama karatu, babbar ma malamar jinya ce.

Na kalli hotunan yaran da ke bango. Amma hali zanen dutse. Na ce, "Sai dai Baba, shekara talatin fa ba kwana talatin ba ce. Ƙwaƙwalwa takan haɗa abubuwa."

"Haka ne," ya ce a hankali. "Ni dai mako bakwai na yi ina kallonsa. Kai minti nawa ka kalle shi?"

Na kurɓi shayi, ya ƙona mini harshe. Na tambaye shi ta yaya tsuntsun zai nuna kansa gobe. Ya ce gobe ce Lahadin da Kiristoci ke fitowa daga coci da ganyen dabino a hannu, kuma ya riga ya yi magana da Mama Milagros, wata tsohuwa 'yar Dominika da ke hawa na biyu, wadda yake ɗaukar wa kayan cefane. Takarduna uku suka koma sama yadda suka sauko, a aljihu.

Ranar Lahadi, kafin azahar, an mayar da kejin shagon Hajiya, an ɗora shi a kan firji. Mutanen da suka zo kallo sun fi na Juma'a yawa, har Iyatu ta sauko wai za ta sayi kuka, alhali muna da kuka ta wata uku. Mama Milagros ta iso da kwalliyar coci, da damin ganye ɗanye a hannu. Ta zare guda biyu ta miƙa wa Kofur, ta ce da ɗan Turancinta ai tsuntsun ma halittar Ubangiji ne. Kofur ya tsaga gefen ɗaya da farce ya fitar da zare uku sirara, ya sa su a ƙasan keji, sannan ya zura sauran ganyen ta sama ya ɗaure.

Tsuntsu ya kalli ganye, ya juya ya ci gero. Ya sha ruwa. Ya yi susa. Minti goma, minti ashirin. Na fara jin raina yana dawowa jikina. Na duba agogo yadda kowa zai ga na duba, na yi gyaran murya, har na fara shirya kalaman da zan yi wa dattijo ta'aziyya da su cikin girmamawa.

Sai ya yi tsalle ya kama ganyen. Ya ciji gefensa, ya ja da baya, zare ya biyo shi tsawon kamu guda. Ya hau da shi kan sandar keji, ya danne da ƙafa ɗaya, ya zagaya da bakinsa ta ƙarƙashi, ya cusa ƙarshen ta cikin madauki, ya ja. Ƙulli sosai, irin wanda ni sai na yi sau biyu kafin in samu a igiyar takalmi. Ya koma ya yago wani. Kowa ya matso kusa da firji yana kallo. Muka je muka yi sallar azahar muka dawo, muka tarar ya haɗa zobe kore mai faɗin da zai shiga ciki, ya maƙale a ƙarƙashinsa kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana soya albasarsa.

"La ilaha illallahu," in ji Hajiya. "Ashe masaƙi munka samu."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Dokta, shi goldfinch ɗin ma yana haka?"

Na buɗe baki na ce, "To, ai akwai wasu nau'o'i da…" Iyatu ta taka mini ƙafa da dunduniyar takalmi, ba ta ko kalle ni ba.

Bayan la'asar na yi abin da ya kamata in yi tun Laraba. Na ja kujera gaban kejin, na ɗauki biro da takarda, na rubuta abin da idona ya gani: launin ido, launin baki, inda ruwan manjan ya fara da inda ya tsaya, bayansa da ya ɗan yi duhu-duhu. Sannan na hau sama na bincika marai na gabashin Afirka. Na samu guda uku masu kama da juna har su rikita mutum. Ɗaya mai jan ido, kamar yadda Kofur ya faɗa. Ɗaya mai wani tabo ja mai duhu a ƙeya da ƙirji, shi kuma a cikin ƙasa yake, nesa da teku. Na uku mai baƙin ido da kai ruwan manja, mazaunin gaɓar tekun Kenya da Somaliya, wanda sunansa na Turanci ke nufin masaƙin kwakwa mai ruwan zinare. Na sauko matakala bibbiyu, na buga ƙofar ɗakin ƙasa ina haki.

"Baba Kofur, na gano shi!"

"Madalla, Dokta," ya ce. "Da ma ya ɓata ne?"

A nan ne na ba shi haƙurin da aka aiko ni da shi tun jiya. Ya ce babu komai, ai kowa da gonar da aka sa shi tsaro.

Saura neman mai shi. Na rubuta sanarwar da za a manna a gilashin shago, sakin layi uku, har da sunan tsuntsun na Latin. Kofur ya sa na karanta masa, ya ce, "In ka faɗi komai, kowa ma sai ya zo ya ce nasa ne. Rubuta an tsinci tsuntsu rawaya, mai shi ya zo ya faɗi abin da ke jikin zoben ƙafarsa." Na yage tawa na rubuta tasa, da Turanci da Sifaniyanci.

Kwana tara bayan haka wani dattijo ya shigo shagon da yamma, ya cire hula, ya faɗi lambar zoben tun kafin a tambaye shi. Sunansa Hakeem, mutumin Guyana ne, tsohon makanikin bas, yana zaune a unguwar University Heights, ya ware ɗaki guda a gidansa don tsuntsaye. Masu fenti ne suka bar taga a buɗe, tsuntsaye uku suka fita, wannan kaɗai ya ji labarinsa. Da aka kawo kejin ya ga sheƙar da ta kusa kammala, ya tsaya yana kallo, ya ce wa ya san a ba shi ɗanyen ganye? Saboda sabo, mutane suka juyo suna kallona. Na ɗaga hannu na nuna Kofur, kuma wallahi hannun nan ya yi mini nauyi kamar na ɗauki buhun gero.

Na matsa kusa don in yi musu tafinta. Babu wanda ya nemi taimakona. Sa'a guda suka yi suna hira da Turanci, Turancin da ban taɓa sanin Kofur yana da shi ba, don kafin zuwan tsuntsun nan ban taɓa ce masa abin da ya wuce "an tashi lafiya" ba. Da za su rabu, Kofur ya yanke sheƙar daga jikin sanda a hankali, ya sa ta a leda ya ba Hakeem, ya ce a rataye masa a can kada aikinsa ya tafi a banza. Hakeem ya ce yana da mace irinsa a gida, kuma ƙofarsa a buɗe take.

Tun daga lokacin, duk Lahadi bayan azahar Kofur Ɗanasabe yakan sa farar kaftani ya tafi University Heights. Ni nake kai shi a mota, don ƙafar tana damunsa da hawan bas. Su biyu su shige ɗakin tsuntsaye suna musu a kan abinci da ɗumi, ni in zauna a kan bokitin da aka kife a kusurwa, in an ce miƙo ruwa in miƙa. A hanya yakan nuna mini tsuntsayen garin nan, duk ya raɗa musu sunayen Hausa tun shekarun da yake wankin mota. Yana cewa saura shekara biyu ya ajiye tsintsiya ya koma Kaduna wajen jikoki, amma Hajiya Safiatou ta ce tun zuwanta unguwar take jin wannan shekara biyun.

A cikin watan Yuli, wata Talata da yamma, aka buga mana ƙofa. Na buɗe na gan shi yana dafe da bango yana mayar da numfashi, ya hawo bene huɗu da wannan ƙafar. Hakeem ne ya turo masa hoto, shi kuma bai iya buɗe shi ya yi girma ba. Na buɗe masa. Ƙwai biyu ne 'yan mitsi-mitsi, kore-kore, a cikin sheƙa. Iyatu ta ce ba zai sauka ba sai ya ci tuwo, ya zauna ya ci, wayar tana jingine da jug ɗin ruwa yana ci yana kallo.

Ɗaya ne ya ƙyanƙyashe. Ranar da ya fara leƙowa daga sheƙa muna wurin, wani ɗan abu mai ƙaton baki da gashi tsilli-tsilli. Kofur ya ce ba a gane ko namiji ne ko mace tun yanzu, sai ya girma ya canja gashi. Hakeem ma haka ya ce. Ni na ce namiji ne. Muna nan muna jira.